Ban Faɗi Sunanta Ba

Litinin, 10:40, an fita hutu

Wani ya ajiye cokali a kan teburin yarinyar nan ta bakin taga. Cokalin roba ne, fari, irin na masu sayar da abinci a bakin get. Na shigo da alli a hannu na tarar ajin ya yi tsit, irin shirun da ban yarda da shi ba. Shekara ashirin da uku ina koyar da rubutun insha'i, na san shirun 'yan aji huɗu in sun shuka tsiya.

Na ce, "Na wane ne wannan?" Ita kuma ta yi wuf ta tura shi cikin jaka kamar nata ne. Na ce ta miƙo. Yana cikin durowata yanzu, tare da jan biro da ƙwayar ciwon kai.

Cokali dai! Yaran yanzu sai dai addu'a. Littafin shirin darasi ne wannan, ban san me ya sa nake rubuta wannan a ciki ba.

Talata, 1:15

Biyu yau. Ɗaya a kan tebur, ɗaya an soke mata a aljihun jaka.

Laraba, 11:30

Ina rubutu a allo na ji daga bayana, a hankali, an ja murya: "Waaa-ta."

Na juya. Kowa kansa na cikin littafi. Monita ma, da take zaune gaba da ni, ta haɗe fuska kamar ba ta taɓa dariya ba tun da aka haife ta. Na koma allo. Daga wata kusurwar aka sake: "Waaa-ta." Sai ƙananan dariya ta hanci.

Ta bakin taga ba ta ɗago ba. Tana ta goge wani abu da roba, tana gogewa, har takardar ta huje.

Na taɓa jin sautin nan. Ba na son tunanin inda na ji shi. Abin da na sani kawai, ban faɗi sunanta ba ranar nan, kuma ko a gaban wa zan maimaita.

Alhamis, 2:20, an tashi

Alhamis ranar karatu ce a ajina, duk makarantar nan an sani. Nakan ɗauki insha'in da ya fi kowanne kyau a makon, in tsaya gaban aji in karanta, ba na faɗin mai shi. Ni na ƙirƙiro abina. Akwai waɗanda suka gama shekara goma sha biyar da suka wuce, in mun haɗu a kasuwa har yau sai sun ce, "Malama, kin tuna ranar da kika karanta nawa?" Kuma ni ba na karatu kamar mai karanta sanarwa. Tsoho in ya yi magana a cikin labari, muryar tsoho nake yi. Yara suna so.

Yau na Monita na karanta, a kan cunkoson motoci. Ba laifi. Kusan kullum nata ne, in ban da makon jiya.

Ta bakin taga ba ta kawo nata ba. Na ce, "Ina aikinki?" Ta ce, "Na manta, Malama." Yarinyar da tun shigowarta ba ta taɓa manta ko wasali ba.

Juma'a, 12:50

Na kai wa Shugaba ƙara. Yana cike wasu takardu, bai ma ɗago sosai ba. Ya ce, "Cokali? An dake ta?" Na ce a'a. "An zage ta?" Na ce ba zagi ba ne kai tsaye. Ya ce, "To Malama, yara ne. Gobe za su sami wani abin."

Raina ya ɓaci. Na koma aji na ce tunda ba mai faɗin wanda ke yi, kowa ya fita ya share fili, daga bakin get har bayan ɗakin gwaje-gwaje. Su arba'in da shida, cikin rana. Ita na ce ta zauna, ai ba ta yi komai ba.

Ta taga nake kallonsu suna shara, suna kallon tagar. Ita kaɗai a cikin inuwa. Na ji daɗi a raina, na ce yau sun san da wa suke yi.

Asabar, 9:00 na safe

Ina wanke-wanke nake ba Auta labari. Shekarunta ɗaya da su, sha biyar, wata makarantar take. Ina jira ta ce Umma kin burge ni. Sai ta ajiye kofin da take gogewa.

"Umma, kin bar ta ita kaɗai a aji, su suna rana?"

"To laifin me ta yi da za ta yi shara?"

"Wayyo Umma. Kin gama da ita."

Na ce ke rufe mini baki, yaushe aka haife ki. Ta ce, "Da su biyar ne suke yi. Yanzu duk ajin ne." Ta ɗauki kofinta ta ci gaba da gogewa.

Yarinyar nan bakinta ya fi ta girma. Gidan ubanta ta gado shi, ba ni ba.

Litinin, 10:45

Huɗu a kan teburinta, an jera su reras. An kuma ja teburan da ke kusa da ita, an bar ta da fili ta ko'ina. Har 'yar gajeruwar nan mai tabarau da suke cin abinci tare ta koma layin tsakiya.

Na buɗe baki zan yi faɗa, maganar Auta ta faɗo mini, na rufe. Na kwashe cokulan ban ce uffan ba. To in na yi magana laifi, in na yi shiru laifi. Ni ina zan sa kaina?

Talata, 8:10

Ba ta zo ba.

Laraba, 8:10

Ba ta zo ba. Wataƙila zazzaɓi ne, ana ta yinsa.

Alhamis, 3:00, ni kaɗai a ɗakin malamai

Ban yi karatu yau ba, na ce maƙogwarona ke ciwo.

Malamin lissafi, mai riƙe da rajistar ajin, ya tuna mini doka: kwana goma a jere ba zuwa, ba takarda daga gida, sai a soke suna. In aka soke, ba jarrabawar ƙarshen shekara. Na ƙirga. Litinin ta sama ke nan.

Bari in rubuta abin da ya faru, tunda ba wani abu ba ne. Na ba su take: "Aikin da nake yi kullum." Aka kawo mini shara da ɗiban ruwa da goyon ƙani, arba'in da shida, har na fara gyangyaɗi. Sai nata. Mahaifinta kafinta ne, shekara biyu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye. Ita ke ba shi abinci a baki safe da yamma. Ta rubuta yadda take hura cokali, yadda take tare abin da ya zubo ta gefen bakinsa kafin ya kai wuya, don ya tsani ya ji jiƙa a wuyan riga. Ta ce, "Na koyi jira. In na yi sauri sai ya ƙware, in na yi jinkiri sai ya ɗauka na gaji da shi." Ta ce duk maganarsa ta tafi, saura kalma ɗaya. Da can Uwata yake ce mata, yanzu rabin kalmar ke fita.

Na karanta a gida sau uku, na yi kuka, ni da ko a makoki sai na matsa. Na ce wallahi sai yaran nan sun ji abin da ake kira rubutu.

Ban faɗi sunanta ba. Littafin kawai na mayar mata da na gama karanta wa ajin, na ce madalla. To wa zan mayar wa? An naɗe shi da takardar tsohuwar kalanda mai hoton jirgin ruwa, kowa ya san nata ne, amma wannan ai ba faɗin suna ba ne.

Ko faɗi ne?

Juma'a, 8:15

Kujera ba kowa, amma an ajiye cokali. Wa suke ajiye wa?

Lahadi, 5:00 na yamma

Abban su Auta ya ce kwana biyu ina zuba gishiri kamar mai jin haushin tukunya. Na ce in bai yi masa ba ga kicin nan.

Litinin, 1:40

Na tsare Monita bayan an tashi. Yarinya ce mai kai, ni na zaɓe ta da hannuna. Na rufe ƙofa, na zazzage durowa a kan tebur. Goma sha ɗaya.

Na ce, "Ba ki ji kunya ba? Mutum na kwance ba lafiya, kuna kwaikwayonsa? In mahaifinki ne fa?"

Ta fara hawaye. Ta ce ba ita ta fara ba, ta dai yi sau biyu. Ta ce wasa ne, ba su san za ta daina zuwa ba. Na ce wasa? Ku karkace baki, ku ja murya, ku ce wasa? A ina ma kuka taɓa ganin bawan Allahn nan da har kuka iya shi haka?

Ta ɗago tana kallona, da gaske ba ta gane tambayar ba.

"Malama, ai ba mu taɓa ganinsa ba. Yadda kika yi muke yi."

Na ce ta tafi.

Litinin, 1:55

Na karkace baki? Ban tuna ba. Murya dai na san na yi.

Talata, 6:30 na safe

Na tsaya gaban madubi na faɗi kalmar yadda na faɗe ta ranar nan. Bakin da kansa ya karkace. Har kafaɗa na sauke.

Laraba, 6:10 na yamma

Na je gidan. Malamin lissafi ya ba ni kwatance: bayan gidan mai, layi na uku, ƙofa mai shuɗin fenti. Ɗaki biyu ne. A tsakar gida akwai teburin aikinsa an rufe da leda, zarto na rataye a ƙusa ya yi tsatsa.

Mahaifiyarta ta dawo daga aiki ke nan, wanki take yi a wani asibiti, hannuwanta duk sun yi fari. Da na ce ni ce malamar insha'i sai ta rasa inda za ta sa ni. Ta shimfiɗa tabarma, ta naɗe, ta kawo kujera. "Ke ce Malamar! Kullum zancenki take. Malama ta ce kaza, Malama ta ce kaza. Allah ya saka da alheri." Ta ce yarinyar ta gaya mata ana gyaran rufin ajinsu ne, an ba su hutu.

Na ce eh, an kusa gamawa. Ni da bakina.

Mahaifin yana kwance a ɗakin ciki, an jingina shi da matasai biyu. Dogo ne, da alama da can ƙaƙƙarfa ne. Yarinyar tana zaune a bakin gado da kwano. Da ta gan ni cokalin ya tsaya a hannunta, sai kuma ta ci gaba, don ya riga ya buɗe baki. Ta hura, ta jira, ta tare gefen bakin. Komai yadda ta rubuta.

Sai ya kira ta. A hankali ne ƙwarai, kamar mai lallashin jariri. Ba ja, ba karkacewa irin tawa. Ko kusa ba haka na yi ba.

Ta rako ni bakin ƙofa. Na ce Litinin ce rana ta goma, in ba ta zo ba za a soke sunanta. Ta ce ta sani. Na ce ban faɗi sunanki ba fa. Ta ce, "Haka ne, Malama."

Sai ta yi mini tambaya ɗaya. Na ba ta amsa. Ta ce to, Allah ya kiyaye hanya.

Alhamis, 5:40 na asuba

Ƙarya na yi mata.

Alhamis, 4:30 na yamma

A saman shafin insha'inta, can gefe, da fensir, ƙanana: "Malama don Allah ke kaɗai."

Abin da ta tambaye ni ke nan, ko na gani. Na ce ban lura ba.

Na gani. Tun karatun farko na gani. Na ce kunya ce irin ta yara masu ƙoƙari, in ta ji ajin ya yi tsit saboda ita za ta gode mini. Har babban yatsana na ɗora a kan rubutun lokacin da nake karantawa, don kada na gaba su hango. Kenan na san abin da nake yi? In na sani, me ya sa na yi? In ban sani ba, me ya kai yatsana wurin?

Laifi tudu ne. Mako uku ina hango na yara arba'in da shida.

Juma'a, 7:30 na yamma

Na gaya wa Auta duka, har fensirin. Na ɗauka za ta ce ai na faɗa miki. Ba ta ce ba. Ta matso ta zauna kusa da ni a kan tabarma.

Na ce Litinin zan tsaya gaban aji in ce ni ce mai laifi, in zazzage cokulan, in sa kowa ya ba ta haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Umma, kin sake."

"Na sake me?"

"Kin sake shirya mata abu ba ki tambaye ta ba."

Can ta ce a aji biyu akwai lokacin da ita ma ta yi wata guda tana cin abincinta a bayan banɗaki. Na ce ke? Yaushe? Me ya sa ba ki gaya mini ba? Ta ce, "Da kin zo makarantar."

Da na je kuwa. Da na je da mayafina a kafaɗa na tayar da ƙura.

Asabar, 12:00

Na koma. Na sami yarinyar tana shanya zanen gadon mahaifinta. Ban zauna ba, don kada in sami lokacin canza magana.

Na ce, "Na ga abin da kika rubuta da fensir. Na gani, na karanta duk da haka. Kuma ranar Laraba na yi miki ƙarya. Ki yafe mini."

Ta ci gaba da matse zanen. Ta ce, "Na sani. Jan bironki ya taɓa wurin."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban sake roƙo ba. Na ce me kike so in yi? Sai da ta gama shanya zanen sannan ta ce:

"Kada ki yi maganata a aji. Kada ki hukunta kowa. Kada ki riƙa kallona. Ki mayar da ni baya, kusa da ƙofa."

"Shi ke nan?"

"Kuma kada Mama ta sani. Za ta ce ni na kai sirrin gida waje."

Na ce to. Na ce za ki zo Litinin? Ta ce, "Ban sani ba, Malama." Daga ciki ya kira ta, ta ajiye bokiti ta shiga.

Lahadi, 4:00

Na goge kaya, na sake goge waɗanda na goge.

Litinin, 7:05 na safe

Na riga mai shara zuwa. Na ja tebur ɗaya zuwa baya kusa da ƙofa. Ina cikin ja Monita ta shigo, ta tsaya turus. Ba ta gaishe ni ba ma. Ta wuce bakin taga, ta leƙa ƙarƙashin tsohon teburin, ta zaro cokali biyu da aka ɓoye tun Juma'a, ta sa a aljihunta.

Litinin, 8:25

Malamin lissafi ya kai rabin kiran suna ta shigo. Ina tsaye a baranda, wai ina duba jadawali. Ta zauna a baya. Na ji ya kira, na ji ta amsa.

Ban kalle ta ba. Wallahi wuyana har ciwo yake.

Talata, 11:40

Wani ya fara "Waaa" daga tsakiya, Monita ta juya ta zuba masa ido, ya haɗiye sauran. Mai tabarau ta koma baya da jakarta, wai allo na ɗaukar mata ido a tsakiya. Ban tambaye ta ba, na ce zauna.

Na sanar babu karatun Alhamis daga yau. Suka ce haba Malama, me ya sa? Na ce na gaji. Take na wannan makon: "Hanyata ta zuwa makaranta." A kawo gobe.

Ba a soke sunanta ba. Za ta yi jarrabawa. Na maimaita wa kaina wannan ya fi sau goma, ban san me ya sa bai ishe ni ba.

Laraba, 5:20 na yamma

Arba'in da bakwai, cif. Nata na ƙasa, ta cire takardar kalandar, bangon ya zama irin na kowa. Na bar shi ƙarshe. Na yi shayi, na wanke hannu, na zauna.

"Ina tashi da ƙarfe shida. Ina fitowa daga gida da ƙarfe bakwai. Ina bi ta gaban gidan mai. Akwai motoci da yawa a hanya. Ina isa makaranta da ƙarfe takwas saura."

Shafi ɗaya da rabi, haka har ƙarshe. Ba kuskure ko ɗaya, ba inda jan biro zai taɓa. Ba kowa a ciki. Ko ita ba ta ciki.

Na juya shafin ko akwai ci gaba. Babu. Sai da na dawo farko na gani, a sama, can gefe, da fensir, ƙanana:

"Wannan za ki iya karanta musu, Malama."